Cibiya Uku a Wuyan Habi

Shekara arba'in da ɗaya Habi ta yi a Dakoro, amma ko sau ɗaya bakinta bai taɓa kuskurewa ya kira wurin gida ba. Zango take ce masa. In mata sun taru a bakin rijiya ana hirar asalin wane da wance, sai ta gyara ɗaurin zanenta ta ce su baƙi ne, mutanen Ruwan Ɗorawa ne can ƙasar Katsina, baɗi in Allah ya yarda za su koma. Tun matan na yi mata fatan alheri har suka koma dariya, har dariyar ma ta gundure su. 'Yan matan da suka fara jin wannan baɗin suna goye da ƙannensu, yanzu jikoki suke goyo.

Dakoron wancan zamani ba wani gari ba ne. Rijiya ce mai zurfin gaba talatin, da bukkoki kamar ashirin kewaye da ita, da gonakin hatsi a kan jigawa, sai hanyar ayari da ta bi ta yamma ta nausa arewa. Habi ta zo nan tana amarya, shekarar da yaƙi ya ci garinsu aka watse. Ita da mijinta Abarci suka wuce Maraɗi ba su tsaya ba, suka wuce Tsibiri, don Abarci ya rantse ba zai sauke kaya ba sai inda ba a jin ƙarar kofato. Da suka iso Dakoro jakinsu ya durƙushe ya ƙi tashi, shi ke nan aka zauna. Abarci ya sari gona, ya koyi jan guga, ya yi abokai cikin makiyaya, ya mutu yana ɗan gari. Habi kuwa ta sa aka yanka ƙofar ɗakinta tana duban kudu, ta zauna a bakinta tana jira.

Taurin kai iri-iri ne, amma na Habi har jaka gare shi. Al'adar mutanen wurin, in an haihu, bayan kwana biyar ko shida guntun cibiyar jariri ya bushe ya faɗi, sai uwar ta tona ɗan rami a bayan ɗakinta ta binne shi, ta riƙa juye ragowar ruwan wankan jegonta a kai har ta yi arba'in. Bayan nan ma, kullum safiya ruwan da ta wanke fuska da shi a nan take zubarwa. Tsofaffi sun ce da haka yaro ke sanin inda zai dawo. Habi ta haifi maza uku a Dakoro, ba ta binne ko ɗaya ba. Ta ce ita ba za ta ba rairayin zango cibiyar 'ya'yanta ba. Ta ƙunshe kowace a tsumma, ta zuba a wata 'yar jakar fata ta rataya a wuya, sai ran da aka koma gida ta binne su a bayan ɗakin uwarta, inda tata take. Ungozoma ta yi faɗa, Abarci ya yi rarrashi, ya yi fushi, ya gaji ya zuba mata ido.

Na farin, Nomau, wanda don kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, ya bi ayarin gishiri yana ɗan shekara ashirin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na biyun, Arzika, ya bi wasu makiyaya yamma. Bayan shekara uku wani ya kawo sandarsa, ya faɗi inda aka binne shi. Saura auta, Amani, mutum mai shiru-shiru wanda ya gaji gonar ubansa, ya auri Safi 'yar makiyayan Azagor. Da Safi ta haifi 'ya mace, Habi ta miƙa hannu a ba ta cibiyar ta haɗa da sauran. Safi ta sunkuyar da kai ta ce ta faɗi cikin rairayi, ta nema ba ta gani ba. Habi ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarta.

A shekarar da muke magana ruwa ya ɗauke tun hatsi bai gama cika ido ba. Abin da aka girba ba zai kai su bazara ba, kowa ya sani, har yara. Wata rana da hantsi Amani ya zo ya tsuguna a gefen ƙofar uwarsa, yana tonon ƙasa da tsinke, ya ce in ayarin Buzaye ya dawo daga kudu zai bi su arewa, suna neman mai taya su kula da raƙuma. Ya ce bakin mutum ɗaya zai ragu a gidan, kuma zai dawo da abin da ya samu. Habi ta san wannan magana. Kusan da kalmomin nan Nomau ya sallame ta.

Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya don kada ya ga fuskarta. A can ta tarar labari ya riga ta. Wata tsohuwa sa'arta, wadda ba ta iya ɓoye magana a ciki ba, ta dube ta ta ce:

"Habi, kin rataye ɗiyanki a wuya shekara da shekaru, sannan kina mamakin ƙafarsu ba ta kama ƙasa? Biyu sun tahi. Wanga ma ki tsaya kallo."

Da a da ne, da tsohuwar ta ji amsar da za ta hana ta cin tuwon dare. Ran nan kuwa Habi tsoro ya shige ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ranar gudu. Ta yarda matan sun yi gaskiya. Amma da yake Habi ce, rabin gaskiyar ta ɗauka. Za ta binne cibiyoyin, i, amma a gida. Fatake sun daɗe suna cewa ƙasar ta lafa, har mutane sun sake zama a Ruwan Ɗorawa. To, za ta je da ƙafarta ta binne su a bayan ɗakin uwarta, ta karɓi gonar ubanta, ta dawo ta kwashe Amani da iyalinsa. In cibiya na jan mutum, gara ta ja shi inda ake ruwa har wata biyar.

Akwai 'yan kanwa da ke shirin kora jakuna kudu, madugunsu wani dattijo Harisu, abokin marigayi Abarci. Ya ce mata tafiyar ba ta tsofaffi ba ce, ta ce ai ba goyonta zai yi ba. Ranar tashi ta kira Amani bakin ƙofa.

"Auta, ka jira ni. Kada ka ɗaga ƙafa sai na komo."

"Har yaushe, Inna?"

"Wata guda."

Ya dube ta, ya dubi ƙunshin kayan da ke kanta, kamar yana son ya faɗi wani abu. Daga baya ya ce to.

Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa wuce gonar ƙarshe ta kudu ba. Ran nan ta wuce ta ko waiwaye ba ta yi ba, tana gaba da jakuna, har Harisu na ce mata ta rage wa gobe ƙarfi. Ta yi tsammanin kowane taki zai rage mata nauyin da ke ƙirjinta. Sai dai tun a Ɗan Gulbi 'yan kanwar suka fara ƙunshe dariya, don duk abin da aka miƙa mata sai ta kushe shi. Furar da suka saya ba ta ji nono ba, ba kamar ta wurinsu ba. Ruwan rijiyar garin salam yake, a wurinsu ruwa na da ɗanɗano. Wani daga cikinsu ya tambaye ta wane wurin nasu take nufi, na gaba ko na baya. Ta zage shi tas, ta ce na gaba mana.

Suna ƙara yin kudu itatuwa na ƙara tsawo. Aduwa da ƙaya suka ragu, gawo ya yi yawa, sannan tsamiya. Ranar da ta hango ɗorawa ta farko a bakin gulbi, ta sauke kayanta ta je ta dafa gindinta ta yi kuka mai isarta, mazan suka juya baya suna gyaran mangalar da ba ta karkace ba. A Maraɗi suka yi kwana huɗu ana ciniki. Daga nan kuma aka ce dajin gaba ba a ratsa shi da mutum goma, sai da suka jira wasu fataken suka haɗu. Habi na ƙirga kwanaki da ƙulli a bakin zanenta. Ranar da suka iso Ruwan Ɗorawa ƙulli goma sha bakwai ne.

Sunan garin ne kawai bai sake ba. An kewaye shi da sabon shinge na itace, ƙofar ba a inda ta san ta ba, kasuwar ta koma gabas. Mutanen da ke ciki daga wurare dabam-dabam suka taru, shekara ashirin da suka wuce, suka tarar da kufai suka share. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana faɗin sunan ubanta, tana faɗin sunan kakanta, tana cewa gidan maƙera ne, kowa ya san su. Mutane suka saurara cikin ladabi, suka girgiza kai. Wani tsoho ya ce kamar ya taɓa jin sunan, amma da ta matsa masa sai ta ga yana so ne kawai ya faranta mata rai.

Kuka ce ta cece ta, wata tsohuwar kuka mai tsagaggen gindi da suke ɓuya a ciki suna yara. Daga gindinta zuwa ɗakin uwarta taki talatin ne in an fuskanci gabas. Ta ƙirga, ta ƙara biyar don ƙafar tsufa, ta sami kanta a ƙofar wani gida mai dangar kara. Matar gidan, Hawwa'u, mace mai jiki da fara'a, ta fito da ƙwaryar ruwa ta durƙusa ta miƙa mata, ta yi mata sannu da hanya. Harisu ya yi bayani ya ce tsohuwar Dakoro ce, a taimaka a sauke ta kafin su je Katsina su dawo. Habi ta ce wace irin tsohuwar Dakoro, ita 'yar nan ce, a wannan filin aka haife ta. Hawwa'u ta yi murmushi ta ce Allah Sarki, amma dai harshen na arewa ne, har da kalmomin Buzaye a ciki. Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Ruwan nan da ta yi shekara arba'in tana yabo, shi ya kayar da ita. Cikinta ya saba da ruwan Dakoro mai kanwa-kanwa, ya ƙi karɓar na garin ubanta. Kwana goma sha biyu tana kwance, gudawa da zazzaɓi, Hawwa'u na jinyarta da jiƙon saiwa da kunu kamar uwarta. Ran da ta iya miƙewa, sai ta lallaba ta ɗauki 'yar fartanya a gindin rumbu, ta zagaya bayan ɗakin matar gidan. A lissafinta nan ne daidai bayan ɗakin uwarta. Ƙasar wurin da danshi, har lalo ya tsiro kore shar, alhali ko'ina a bushe yake. Ta durƙusa ta kai sara ɗaya, ta kai na biyu.

"Inna, mi kike tono a bayan ɗakina?"

Hawwa'u ce tsaye da ƙwarya a hannu. Habi ba ta ga amfanin ɓoyo ba. Ta ciro jakar daga wuyanta, ta kwance tsummokaran a kan cinyarta. Abubuwa uku ne baƙaƙe, a murɗe, kamar busasshiyar kuɓewa. Ta faɗi na wane da na wane, ta faɗi yadda biyu suka tafi, ta faɗi abin da na ukun ke shirin yi. Tunda take ba ta taɓa ba wani wannan labari daga farko har ƙarshe ba.

Hawwa'u ta ajiye ƙwaryar ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta nuna mata da yatsa inda nata suke, guda bakwai a jere, daga gindin danga har kusa da inda fartanyar ta sara. Ta ce ita ba za ta hana ta ƙasa ba, ƙasa ta Allah ce.

"Amma in kin binne kin tahi, wa za ya zuba masu ruwa? Ni sai in zuba, ba ya gagarata. Sai dai ba su san hannuna ba, Inna. Ruwan uwa suka sani."

Habi ta ce ai dawowa za ta yi da su duka, su zauna a gonar ubanta. Hawwa'u ta gaya mata gaskiya, cewa gonakin kusa duk an raba su tun zuwan farko, amma mai gari mutumin kirki ne, ba ya hana baƙo fili a bakin daji in ya roƙa. Ta lura kalmar baƙon nan ta soki tsohuwar, sai ta yi ƙasa da murya.

"Kin san abin da kike ta hwaɗi da zazzaɓi ya kama ki? Ki ce a kai ki gida. In ce maki ai ga ki gida. Ki ce a'a, a kira maki Safi, yarinya na kuka, an bar guga cikin rijiya."

Habi ta zauna da fartanya a hannu tana duban ƙasar nan mai danshi. A ƙarƙashinta, wani wuri, tata cibiyar take, shekara arba'in da ɗaya ba wanda ya ɗiga mata ruwa da sunanta. Ta laluba cikin zuciyarta ko za ta ji wani abu na jan ta zuwa nan, ba ta ji komai ba sai gajiya. Abin da ke jan ta yana can baya, tafiyar kwana goma sha bakwai. Baƙin ciki ya rufe ta, ba don garin ya manta da ita ba, sai don ta gane ruwan wanke fuskarta na shekara arba'in a banza ta yi ta watsa shi gaban ƙofa. Ta mayar da ƙasar da ta tona, ta daddale da tafin hannu, ta ɗaure jakarta.

Tun daga ranar ba ta da aiki sai zama a ƙofar gari tana duban hanyar Katsina. Watan da ta yi wa Amani alkawari ya mutu tana nan. 'Yan kanwa ba su san da alkawarin kowa ba, sun tsaya sayen zane da taba, sai da suka ƙara kwana goma sha tara suka ɓullo. Hawwa'u ta ƙulla mata daddawa da garin ɗorawa ta rako ta har gindin kuka. Habi ta yi godiya irin ta baƙon da aka yi wa alheri.

A komowa ita ce ke tayar da mazan tun asuba, ita ce ke tsawata wa jakuna. Ƙafarta ta kumbura, ta yayyage bakin zane ta ɗaure. Ta daina ƙulla kwanaki, don ƙullin tsoro yake ba ta. Da suka wuce Ɗan Gulbi suka hau hanyar ayari, sai ta ga sawun raƙuma birjik ya nufi arewa. Ta tsuguna ta ɗauki kashin raƙumi ɗaya ta murza, ya ruguje a hannunta, ya bushe sarai. Harisu ya ce ai ayari ba ɗaya ba ne, wataƙila na farko ne wannan. Ta miƙe ta ci gaba da tafiya.

Da hantsi suka shiga Dakoro. Tun daga nesa ta ji kukan igiyar guga a bakin rijiya, ta ga bukkokin nan ashirin a kan rairayi, ƙanana, ba kyan gani, zuciyarta ta yi wani irin tsalle da ba ta yi a gindin kuka ba. Ta shiga gida ba sallama. Safi na daka da yarinya a baya. Hauyar Amani na rataye a jikin rumbu, an naɗe bakinta da tsumma, yadda ake yi in za a daɗe ba a taɓa ta ba.

Safi ta ajiye taɓarya ta kawo ruwa. Habi ta shanye ƙwaryar tas kafin ta yi tambaya, don ta riga ta san amsar. Kwana tara ke nan da tafiyar Amani. Safi ta ce ai ya jira ta. Watan ya mutu ya ƙara jira. Ayarin farko ya zo ya wuce, suka neme shi ya ce uwarsa ba ta dawo ba. Kullum da la'asar sai ya je gonar ƙarshe ta kudu ya tsaya. Da ayari na biyu ya zo, madugun ya ce daga su ba sauran wani sai baɗi, kuma rumbu ya riga ya yi rabi.

"Bai bar mani magana ba?"

Safi ta sunkuyar da kai ta ce:

"Ya ce tun yana yaro kike cewa nan zango ne, bai taɓa yarda ba, don kullum ya komo daga gona yana iske ki zaune bakin ƙofa. Ya ce da kina nan zaune, da ba ya iya wuce ki. Da ya ga ke ma kin ɗaure kaya kin tahi, har wata biyu, sai ya ce ashe gaskiya Inna take hwaɗi."

Habi ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta miƙe da ƙyar, ta zagaya bayan ɗakinta. Ƙasar wurin busasshiya ce ƙirin, ba ko tsiro, karangiya kawai iska ta tara. Ta share da ƙafa, ta durƙusa ta fara tono da hannu. Rairayin na komawa ramin tana fitarwa, yana komawa tana fitarwa. Safi ta zo ta tsaya a kanta, ta ga abin ba zai yiwu ba, ta ce mata ta taso ta ga wani abu.

Ta kai ta bayan nata ɗakin. A gindin danga akwai wani ɗan wuri mai danshi, faɗinsa bai fi faifai ba, an kewaye shi da ƙaya don kaji. Safi ta ce ta yi mata ƙarya, cibiyar yarinyar ba ta ɓace ba. Ta ce su makiyaya da ba su kwana wata biyu wuri ɗaya ma suna binnewa, balle mai ɗaki. Tana magana tana ja da baya, tana jiran faɗa.

Habi ta dubi wurin ta daɗe. Sannan ta ce a kawo mata ruwa a tulu. Ta koma bayan ɗakinta ta jiƙa ƙasar sosai har ta kama, ta tona rami uku a jere. Ta sa na Arzika, wanda ta san ba zai dawo ba. Ta sa na ɗan farinta, ta buɗe baki a karo na farko a rayuwarta ta kira sunansa, Nomau, a hankali, sai a nan kukan ya zo. Na Amani ta riƙe shi a tafin hannu har rana ta take, kafin ta sa shi ta rufe. Jakar fatar ta miƙa wa Safi ta ce ta zuba allura a ciki ko ta yar.

Washegari da safe ta wanke fuska a ƙwarya, ta zagaya ta juye ruwan a kan ramukan uku, ta raba daidai. Haka ta yi jibi, haka ta yi gata. Matan rijiya da suka ji labari ba wadda ta yi dariya, har tsohuwar nan mai baki ta aiko mata da nono. Wani baƙo da ya sauka shayar da shanu ya tambaye ta ko ita 'yar garin ce, ta ce i, ta nuna masa inda ake ɗaure dabbobi.

Bayan mako guda ta kira Safi da wasu maza biyu na maƙwabta, ta ce a toshe mata ƙofar ɗakin nan a yanka wata. Suka ce iskar arewa za ta dame ta in sanyi ya shigo, ga rairayi. Ta ce ta ji. Aka toshe ta kudu da zana, aka yanka sabuwa tana duban hanyar ayari. Habi ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a bakinta, ta karɓi yarinyar daga bayan Safi ta ɗora a cinya, ta zauna.